Haruffa Uku a Goshin Mota

Ba a kan benci na fara karatu ba,
a wuyan babana na fara,
a tashar manyan motoci ta Garwa
inda baƙin mai ya rine ƙasa.
Ya ɗaga ni, ya kama ɗan yatsana,
ya bi da shi kan ƙarfe mai sanyin asuba:
wannan mai tumbin, D ce,
wannan mai tsani a ciki, A,
wannan da ta miƙa hannu biyu
kamar mai jiran canji, F ke nan, Asta.

Na ce, me suke faɗi, Baba?
Ya ce, Direba A Farke.
Masu ƙirar sun ji labarin hawan Gaundare,
sun san barci ba ya sallama.

Jidda bakanike, daga ƙarƙashin mota,
ƙafafunsa kawai muke gani,
ya ce, Tanimu, kar ka ruɗi yarinya,
Dole A Fita ne,
ko da zazzaɓi, ko ranar suna.
Ngarta mai shayi, da ya baro Mundu
da buta ɗaya da tabo a haɓa,
ya juya cokali bai ɗago ba:
Duniya Akwai Faɗuwa.
Aka yi shiru. Aka ƙara masa dala.

Inna ba ta shiga musun ba.
Ita ba ta san harafi ko ɗaya ba,
kukan injin ta sani.
Tun yana gadar Binuwai da lodin auduga
za ta ce, ku ɗora ruwa, ga shi nan tafe.

Shekara ashirin da wani abu,
ina Kusiri, ofishin masu fito,
ina buga takardun motocin da ke jiran Ngeli.
DAF, DAF, DAF, sau talatin a yini,
hannuna na rubutawa, kaina na wani wuri.
Ran nan layi ya tsaya, na nemi ainihinsa.
Ashe yaren mutanen Holan ne.
D daga sunan gidan masu kamfanin,
A da F, masana'antar mota,
da fari ma tirela suke ƙerawa.
Shi ke nan.
Ba gargaɗi, ba wa'azi, ba barci a ciki.
Na ji kamar an buɗe mini ƙunshi
na tarar da wani ƙunshin, babu goro.

Da hutu na kai wa Baba labari.
Idonsa ya yi hazo yanzu,
amma kunnensa na rarrabe giya daga titi.
Na karanto masa kalmomin, harshena na tuntuɓe.
Ya yi dariya har tari ya tare shi.
Ya ce, su suka raɗa mata suna,
ni na kwana da ita a dajin Waza
ranar da igiyar fanka ta tsinke.
Tsakanin wanzamin suna da uwar goyo
wa ya fi sanin ɗa?

Tana nan bayan garejin Jidda,
bisa duwatsu, tayoyin sun tafi.
Kaji na ƙwai a kujerar direba.
F ta faɗi tun tuni, a wani rami,
saura biyu a goshinta: DA.
Yara na wucewa suna karantawa,
da, da,
kamar masu shirin fara labari.

Ni na ɗauka hanya ce ta cinye F ɗin.
Sai da muka buɗe gwangwaninsa
bayan sadakar bakwai:
lasin da ya mutu, hoton Inna,
tsohuwar sefa da ba ta ci yanzu,
da ita, a naɗe cikin tsumma,
hannunta biyu har yau a miƙe.

Na sa ta a aljihun teburina.
In direba ya zo da jan ido
yana sauri ya kama Injamena kafin dare,
nakan riƙe takardarsa kaɗan,
in aika a kawo masa shayi.